Kwamfutar shagona ta fara ƙara: in gyara ko in sayi wata?

Wani bawan Allah mai shagon buga takardu da hoto-kwafi a wajen Dundaye, kusa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya aiko mini da tambaya. Ya ce kwamfutarsa ta tebur, tokumbo ce, kuma mako uku ke nan tana gurnani idan ya kunna ta da safe, sai ta yi shiru bayan ɗan lokaci. Kwanan nan ta ƙara da wani siririn fito, musamman idan yana kan janareta. Wani mai gyara ya ce a sake akwatin wutarta, wani kuma ya ce ya jefar da ita ya sayi wata. Ga ɗalibai sun fara kawo aikin kammala karatu. Ya ce, "Malam, ina zan sa kuɗina?"

Malam, kafin mu taɓa maganar kuɗi, ka yi abu ɗaya yau ɗin nan, kafin ka rufe shago. Ka kwafe duk aikin mutane da ke cikin kwamfutar nan zuwa filash ko wani had disk (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) na waje. Ƙarfe ana sayensa a kasuwa. Amma ɗalibar da ta kawo maka babi biyar, kuka yi kwana huɗu kuna gyara, in aikin ya salwanta ba ka da abin da za ka ba ta, kuma labarin zai riga ka isa ɗakunan kwanan ɗalibai. Jarinka na gaskiya amanar nan ce.

Yanzu sai mu saurari kwamfutar. Masu gyaran nan biyu kowa ya yanke hukunci, amma ban ji ka ce ɗayansu ya kasa kunne ya gano daga ina ƙarar take fitowa ba. Kai ma za ka iya. Ka buɗe murfin gefe, ka kunna ta, ka naɗe takarda ɗaya daga cikin waɗanda kake bugawa ta zama kamar bututu, ka kara gefe ɗaya a kunnenka, ɗaya gefen ka riƙa kai shi kusa da kowane sashe ba tare da ka taɓa komai ba. Wurare huɗu ne: fankar da ke kan firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), fankar bayan akwati, had disk, da akwatin wutar nan da masu gyara ke kira fawa-fak. Inda ƙarar ta fi ƙarfi a kunnenka, nan ne matsalar.

Gurnanin da ke zuwa da safe ya tafi in na'ura ta ɗumama, kusan kullum fanka ce. Man da ke cikin gindinta ya bushe, ƙura ta shiga, sai ta riƙa karkarwa kafin ta daidaita. A Sakkwato wannan ba abin mamaki ba ne. Hazon hunturu yana cika ta da ƙura mai laushi kamar gari, sannan zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya zo ya sa fankar gudu ba hutawa. Na sha ganin fawa-fak da aka juya bayansa, ramukan iskar sun toshe da ƙura har ta yi curi kamar audugar katifa. In fankar firosesa ce ko ta bayan akwati, ka gode wa Allah, domin ita ce mafi arha a cikin duk abin da ke lalacewa. A hure ƙurar da bulowa bayan an cire filogi, a riƙe fiffiken fankar kada iska ta juya ta fiye da ƙima, in ba ta daina ba a sake ta.

Siririn fiton nan kuwa yawanci daga naɗin wayoyin tagulla ne da ke cikin fawa-fak ko kan madabod (babban allon da sassan kwamfutar ke haɗe a kansa), suna rawa da sauri idan wuta na ratsa su. Shi kaɗai ba lallai ya zama haɗari ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ka ce ya fi yawa a kan janareta. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, amma ƙaramin janareta yana hawa da sauka, musamman a daidai lokacin da injin hoto-kwafi ya ja wuta don ɗumama kansa. Kowane hawa da saukar nan fawa-fak ne ke shanye shi. Ka gwada ta a kan wutar gari mai kyau. In fiton ya ɓace, to ciwon daga janareta ne, ba daga kwamfutar ba, kuma ko sabuwa ka saya haka za ka ji mata.

Akwai ƙarar da ba a jira da ita. In ka ji tartsatsi kamar mai na soyuwa, ko ƙaurin roba, ko kwamfutar tana mutuwa da kanta ta sake tashi, ka cire filogi nan take. Fawa-fak in zai mutu wani lokaci yakan tafi da madabod da had disk tare. Haka kuma in ka ji "ƙyas, ƙyas" a jere daga had disk, ya kusa ƙarewa. Kuma don Allah kada ka kwance fawa-fak da kanka, kada ka zura sukudireba cikinsa. Akwai ma'ajiyar caji a ciki da ke riƙe wuta mai iya cutar da mutum ko bayan an cire filogi.

To ina za ka sa kuɗinka? A ra'ayina sayen wata kwamfutar a yanzu gaggawa ce. Tokumbon da za ka ɗauko ita ma ta yi shekaru a wani ofis a Turai, kuma janareta ɗaya za su sha. In gwajin takarda ya nuna fawa-fak ne, ka sake shi gaba ɗaya, kuma a nan ne ba na son ka yi tsimi. Masu arha sosai, waɗanda in ka ɗaga ka ji ba nauyi kamar gwangwanin madara, su ne ke cinye wa mutane na'ura. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, domin yawancin kwamfutocin ofis na HP da Dell suna da nasu fasali da nasu bakin waya, ba kowane fawa-fak ke shiga ba. In akwai ɗan jan maɓalli a bayansa mai lamba 115 da 230, ka tabbatar yana kan 230 kafin a jona, don 115 na wutar Amurka ne, kuma kuskurensa sau ɗaya ake yi. Ka sa a gwada a gabanka, ka nemi rasit da alkawarin canji na 'yan kwanaki.

Sauran kuɗin da ka tanada don sabuwar kwamfuta, ka raba shi biyu. Kashi ɗaya UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ko a ƙalla sitabilaiza, kuma na kwamfutar kaɗai, kada ka jona injin hoto-kwafi a kansa, ya fi ƙarfinsa. Kashi na biyu SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta zamani, a madadin tsohon had disk. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, kuma za ka ga bambanci wajen saurin buɗe aiki lokacin da mutum biyar ke tsaye a kanka.

Lissafin da nake so ka yi da daren nan shi ne: nawa kake samu a rana ɗaya a lokacin aikin ɗalibai? Ka ninka shi sau uku, domin kwana uku ne mafi ƙarancin abin da za ka rasa in ta mutu a tsakiyar layi, tsakanin neman mai gyara, neman kaya da sake ɗora manhajoji. Ka ajiye wannan adadi kusa da kuɗin gyaran. Sannan ka ɗauke kwamfutar daga ƙasa ka ɗora ta kan teburi, nesa da bango da kamu ɗaya, ka kuma sa a hure ta duk ƙarshen wata har hazo ya wuce. In ka yi gwajin takardar, ka rubuto mini daga ina ƙarar ta fito.