Waye zai sayi tukunya ta biyu?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi a Aboabo, nan Kumasi, ya rubuto mini cewa yana da fili mai damshi a bayan gida, ruwa ba ya ƙafewa ko da hunturu. Ƙaninsa ya ce masa masu kuɗin unguwannin Ahodwo da Nhyiaeso suna sayen ciyayin fadama, irin su kajiji da kacalla, don ƙawata bakin tafkin gidajensu, tukunya ɗaya sidi 80. Yana so ya cire sidi 15,000 daga jarin shago ya dasa tukwane 500.

Malam, filinka ba shi da laifi. Damina biyu muke samu a Kumasi, ciyawar nan za ta yi kyau ko ba ka kula ta ba. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne duk wasiƙarka babu sunan mai saye ko ɗaya. "Ƙanina ya ce" kawai. Shi ƙanin naka, tukunya nawa ya taɓa sayarwa da hannunsa? Ka ninka 80 sau 500, ka ga 40,000 a takarda, barci ya gagare ka. Wannan lissafin dokin rano ne.

Ciyawar nan ba shinkafa ba ce da za a cinye a dawo gobe. Ta saiwa take yaɗuwa. Wanda ya sayi tukunya ɗaya bana, baɗi mai kula masa da lambu zai tsaga gindin gida huɗu da adda, har ya ba maƙwabci kyauta. Kacalla kuwa, tambayi mutanen Haɗeja da Nguru yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Na san wani bawan Allah da ya yi irin wannan da furanni a bakin titi. Na je na tarar da shi zaune kan bokiti, saiwoyi sun fasa ledoji sun kama ƙasa, ganye ya yi rawaya, shagonsa kuma babu ko katan ɗin madara.

Kada ka taɓa jarin shagon nan. Ware sidi 1,000, ka dasa tukwane 30. Ka ɗauki biyar da kanka, ban ce ka aiki ƙaninka ba, ka zaga otal-otal da wajen masu tsara lambunan gidaje. Ka nemi kwangilar dasawa da zuwa gyara duk wata, don kuɗin yana nan, ba a cikin tukunya ba. In mutum uku sun ba ka kafin alƙalami, sake rubuto mini mu yi maganar tukwane 100.