Akwatin wayar gida a cikin motar RV

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwatin wayar gida mai aiki da layin salula zai yi maka aiki idan ka tafi yawon zagaya jihohin Amurka a motar RV, wato motar nan mai ɗakin kwana da kicin. Zai yi. Katin SIM ne a cikinsa kamar wayar hannu, don haka duk inda sabis ɗin kamfaninka ya kai, wayar tebur ɗinka da ka jona a jikin akwatin za ta yi ƙara da lambarka ta gida. Wuta kawai za ka tanada: cajarsa ta bango tana son bolt 120, batirin motar kuwa bolt 12 ne, sai ka haɗa da inbata, na'urar da ke mai da wutar batiri irin ta bango, idan ba ka sami wutar sansanin da ka sauka ba.

Sharaɗin da nake so ka riƙe shi ne na kiran 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka. Akwatin an yi shi ne don ya zauna wuri guda, saboda haka kada ka dogara cewa zai nuna wa masu agaji inda kake. Ni duk sansanin da na sauka, ina rubuta sunansa da lambar filin da na ajiye motar, in manna kusa da wayar, don ko yara su iya karantawa. A cikin gandun dajin Yellowstone ma akwai wurare da yawa da babu sabis ko kaɗan, akwatin kan yi shiru kamar kowace waya.