Tambayi Bakanike: Batir ne ko sitata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da aiki. Ina da mashin roba-roba da nake zuwa shago da shi daga Anguwar Rogo zuwa Terminus, toh tunda sanyin nan ya shigo in na danna sitata da safe sai dai inji ƙas-ƙas-ƙas shikenan, sai na buga kik yake tashi. Batir ɗin kuma bai daɗe da na canja ba gashi ya sake mutuwa, wani yace min sitatar ce ta ƙone in sayi sabuwa. Dan Allah ya zanyi? Daga mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayi komai tukuna. Wannan ƙas-ƙas ɗin ƙarar rilay ce, wato ɗan makunnin da ke tsakanin batir da sitata, tana so ta tura wa sitata wuta amma wutar bata kai ba, kaga kenan da wuya ace sitatar ce ta ƙone. Sanyin Jos kuma ka sani, daga Disamba zuwa Janairu batir yana rage ƙarfi ga baƙin mai yayi kauri inji yayi nauyin juyawa, duk batir ɗin da dama yake lallaɓawa a lokacin asirinsa ke tonuwa.

Abinda ya fi damuna shine sabon batir ya mutu da wuri haka, ni zargina yana kan caji. Kaje wajen mai rewaya ya ɗora maka mita. Mashin a kashe, lafiyayyen batir zai nuna volt 12.6 ko sama kaɗan. A tada shi a ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12 ɗinsa ko yana sauka to mashin ɗinka baya caji, a duba kwayil mai samar da wuta da rektifaya mai daidaita ta kafin ta shiga batir da soket ɗin da ke tsakaninsu, sau da yawa soket ɗin ne ma ya narke. In kuma ya haura 15 rektifaya ce ke dafa batir ɗin, shine zakaga ya kumbura. Ko batir goma ka saya haka zasu ƙare, zuba ruwa ne a kwando.

Kafin ma kaje, buɗe ka dubi kan batir. In kaga wani farin gari ko kore-kore ya taru a kan noti, kwance ka wanke da ruwan zafi ka goge da sanfefa ka ɗaure tamau ka shafa ɗan giris. Ka duba wayar at, wato baƙar wayar batir da ke ɗaure a jikin firam, da kuma fis. Wallahi mashina da yawa iya nan gyaransu ke ƙarewa.

Yaushe za a kama sitata da laifi? In batir cike yake, fitila tar hon na ƙara, ka danna kaji ƙas ɗaya tak. Sai a ɗora mashin a babban sitan, a fitar da giya, mai rewaya ya haɗa manyan notin rilay guda biyu. In sitata ta juya rilay ce ta lalace, in shiru sai a kwance sitata, galibi burushin gawayin da ke cikinta ne ya cinye kuma ana canja shi shi kaɗai, kar wani ya ɗora maka kuɗin sabuwa. In kuma kanajin tana wiii inji baya motsi wannan kulocin sitata ne.

In ta kama dole sai an canja batir, ka sayi mai girma da lamba irin na tsohon, 5Ah ko 7Ah yadda aka rubuta a jikinsa. Kashe makulli, fara cire baƙar waya sannan jar waya, wajen mayarwa ja farko baƙa a ƙarshe, don in sifana ta taɓa firam kar tayi tartsatsi. In irin wanda ake zuba wa asid ne a barshi ya huta kamar minti 30 a yi masa caji kafin a ɗaura, masu shago suna gaggawa basa son wannan jiran amma ka dage.

TAMBAYA: Oga zanyi tafiya ta wata uku, in bar batir a jikin mashin? Daga Bukuru.

AMSA: A'a ƙanina. Kayi masa caji ya cika ka cire baƙar wayar, in da hali wani a gida ya riƙa kai shi caji sau ɗaya a wata. In ka dawo kar ka danne sitata fiye da sakan 5, saki ka ɗan jira sannan ka sake.