Me ya sa kayan asibiti suka yanke lokacin korona alhali masana'antu na aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin sito ne a wani asibiti. Lokacin korona an rasa takunkumi da safar hannu, har da iskar oksijin, a ƙasashen da ba kuɗi suka rasa ba. Me ya hana masana'antu su ninka aikinsu kawai? Mu kuma da ke riƙe da sito, wane shiri ya kamata mu yi kafin wata annobar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, masana'antar da kake ganin sunanta a jikin kwali ita ce ta ƙarshe a layi. A bayanta akwai masu ba ta kayan haɗi, su ma da masu ba su ɗanyen kaya, kuma duk layin yana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinsu. Kuɗi na iya ƙara ma'aikata da awannin aiki cikin mako guda, amma ba ya gajarta watannin da ƙera sabon inji ke ci.

Ɗauki takunkumin N95. Ɗinka shi da maƙala masa igiya ba wani aiki ba ne. Sirrinsa yana cikin ƙyallen tsakiya, wanda ake yi da narkakkiyar roba: ana tura ta ta cikin ƙananan ramuka, iska mai zafi ta hura ta ta zama zare siriri ƙwarai, sannan a ɗora wa ƙyallen cajin lantarki. Wannan cajin ne ke fizgo ƙwayoyin da suka isa su ratsa saƙar, shi ya sa takunkumin ke tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman mikron 0.3 (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Shi ya sa kuma wanke shi da sabulu ko fesa masa barasar kashe cuta ke lalata shi, ko da a ido yana nan kamar sabo. Kamfanonin da ke ƙera injin wannan ƙyalle kaɗan ne a duniya, kuma daga yin oda zuwa fara aiki ana cin watanni. A 2020 masu ɗinki sun yi yawa, ƙyallen ya yi kaɗan, jabu kuwa ya cike gurbin.

A ranar 3 ga Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana buƙatar takunkumi miliyan 89 da safar hannu miliyan 76 kowane wata, ta nemi a ƙara samarwa da kashi 40 cikin 100. To, su wa za su ƙara? A lokacin, kusan rabin takunkumin duniya daga Sin yake fitowa, inda cutar ta fara rufe masana'antu. A wancan lokacin kimanin kashi biyu cikin uku na safar hannu ta roba daga Malesiya take, kuma a Nuwamba 2020 sai da Top Glove, mafi girma a fagen, ya rufe masana'antu da dama saboda dubban ma'aikatansa sun kamu. Tsinken da ake sa wa mutum a hanci don gwaji, ɗaya daga cikin manyan masu yin sa, Copan, yana yankin Lombardi na Italiya, inda annobar ta fi tsanani a farkon zuwanta Turai. Indiya, wadda ke sayo yawancin sinadaran haɗa magungunanta daga Sin, ta taƙaita fitar da wasu magunguna a Maris 2020, ciki har da farasitamol. Ga kuma sufuri: kusan rabin kayan da ke bin jirgin sama a cikin jiragen fasinja suke tafiya, da aka daina ɗaukar fasinja wannan hanyar ta toshe.

Masu saye ma sun ƙara dagula lamarin. Asibitin da ya ji ana rashi sai ya ninka odarsa, wani lokaci ya kai ta wurin dillalai uku da niyyar soke biyu. Dillali ya ninka tasa, masana'anta ta ga buƙatar da ta fi ta gaskiya nesa ba kusa ba. Ƙarshenta wasu suka tara abin da ba za su cinye ba, wasu ba su samu ko kwali ɗaya ba, daga baya kaya suka yi kwantai.

Oksijin ya fi komai nuna cewa samarwa daban, isarwa daban. Mai fama da korona mai tsanani yana shan kimanin lita 10 a minti ɗaya, wanda ya kai gargara kuwa ya kai 30 ko fiye. Babbar silinda mai ɗaukar kimanin lita 6,800 tana ƙarewa cikin awa 11 a kan lita 10. Ke nan ɗaki mai marasa lafiya 20 yana cin lita 288,000 a rana, wato silinda 42 da ɗoriya, kuma kowace sai an ɗauke ta, an cika, an dawo da ita. A Indiya, a Afrilu da Mayu 2021, babbar matsalar ita ce ƙarancin tankokin mota masu ɗaukar ruwan oksijin da nisan masana'antu daga biranen da ke buƙata. Ko a asibitin da tankinsa ke cike, na'urar da ke mayar da ruwan oksijin iska tana daskarewa da ƙanƙara idan aka ja fiye da ƙarfinta, sai matsin iska ya faɗi a gadajen ƙarshen bututu. Tambayi injiniyanku lita nawa bututunku ke iya bayarwa a minti. Wannan adadin ne iyakar gadajenku na gaskiya.

Riga-kafi ma haka: allurar Pfizer da farko sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri, kuma fitar da allura ta shida daga kwalbarta sai da sirinji na musamman wanda ba ya riƙe ragowar ruwa a bakinsa. Inda babu irinsa, kashi ɗaya cikin shida na maganin ya tafi a banza.

Sai batun sitonku. Ka daina ƙirga kaya da kwali, ka koma ƙirga su da kwanaki. "Muna da kwali 1,800" ba ya gaya wa kowa komai. "Muna da na kwana 18" yana tayar da shugaban asibiti daga kujera. Lissafin lokacin yin oda shi ne: abin da ake ci a rana, sau kwanakin da oda ke ɗauka kafin ta iso, a ƙara da ajiyar ko-ta-kwana. Misali, kuna cin kwalin safar hannu 40 a rana, oda na ɗaukar kwana 30, ko-ta-kwana na kwana 15: sai a yi oda idan kaya suka sauka zuwa 1,800. Annoba na sauya lambobin biyu a lokaci guda. Idan ci ya koma 100 a rana, jira ya koma kwana 90, iyakar ta tashi zuwa 10,500. Wanda ya jira tsohuwar iyaka zai yi kwana 72 babu kaya. Don haka a sabunta lissafin kowane mako da zarar an ga alamar ɓarkewar cuta, da adadin da aka fitar daga sito na haƙiƙa, ba na bara ba.

Ba kowane kaya ne ya cancanci wannan kulawar ba. Ware waɗanda idan suka yanke aiki ya tsaya kuma ba su da madadi: oksijin da mitocinsa, takunkumi, safar hannu, magungunan sa barci na masu kan na'urar numfashi, ruwan ƙari, sinadaran gwaji. Kowannensu ya samu masu kawowa biyu, kuma ka tambaye su masana'antar da suke sarowa. Dillalai biyu masu saye a wuri ɗaya, dillali ɗaya ne. A kammala tantance na biyun da ba shi ƙananan odoji tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idan kaya suka yi ƙaranci masana'antu kan raba su ne bisa tarihin sayen kowa.

Ajiyar gaggawa da aka kulle aka manta da ita asara ce. Takunkumin N95 yawanci wa'adinsa shekara biyar ne, igiyarsa kan bushe ta tsinke, safar hannu kan manne ko ta yage a ɗaki mai zafi. A riƙa fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa zuwa amfanin yau da kullum, ana maye gurbinsa da sabo.

Idan kaya suka iso daga sabon dillali a tsakiyar rashi, kada a raba su sai an duba lambar amincewa da lambar rukunin da aka yi su tare, an tuntuɓi masana'antar ta tabbatar. N95 mai amincewar hukumar NIOSH ta Amurka igiyarsa kai take zagayawa, kuma yana ɗauke da lamba mai farawa da TC. Wanda aka rubuta masa N95 amma ana rataya shi a kunne, a ajiye shi gefe har sai an tantance.