Hukuncin taimaka wa ƙungiyar sa kai masu rage yawan bareyi a Sikotilan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Aiki ya kawo ni arewacin Sikotilan, a yankinmu akwai ƙungiyar sa kai ta manoma da masu filaye, suna ƙirga bareyin daji sannan su harbe wasu duk shekara wai sun yi yawa. Sun ce in shigo in taimaka da lokaci ko kuɗi, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Ya halatta? Kuma naman fa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da wannan tsantseni.

Ya halatta, in ka gyara niyya ma kana da lada. Asalin farauta halal ce ga wanda ba ya cikin harami, Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2 idan kun fita daga harami to ku yi farauta, kuma a wannan ayar dai aka ce mu taimaki juna kan alheri da taƙawa. Farautar nishaɗi kawai ita ce malamanmu Malikiyya suka karhanta kamar yadda yake a Risala, kuma Annabi (SAW) ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi, Muslim ya ruwaito.

To su mutanenka ba wasa suke ba. Kyarkeci da ke cin bareyin nan an ƙarar da shi a Sikotilan ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sai suka yi ta hayayyafa ba mai rage su, yanzu ana kiyasin sun kai wajen miliyan 1, duk ɗan tsiron itacen da ya leƙo daga ƙasa sun cinye kansa kafin ya kai gwiwa, daji ya kasa farfaɗowa, ga shiga gonaki ga hatsarin mota, su kansu in hunturu ya tsananta yunwa ke kashe raunanan cikinsu. Shi ya sa akwai dokar bareyi ta 1996 kuma hukumar kula da muhalli ta Sikotilan, wato NatureScot, ke sa ido. Annabi ya ce babu cuta babu cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa, kuma shi da kansa ya keɓe filin Naƙi'i da ke yankin Madina ya zama hurumi don maslahar jama'a, kaga tsara amfani da daji ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Amma da sharaɗi. A tsaya kan adadin da ƙidaya ta nuna, wanda ya ƙware shi zai harba don dabba ta mutu nan take, saboda hadisin Shaddadu bin Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har kisa, kar a kashe uwa a bar ɗanta da yunwa, kar a bar nama ya lalace. In ka ga abin ya koma alfahari da ƙaho da ɗaukar hoto to ka yi musu magana, in sun ƙi ka janye hannunka.

Naman kuma nan ne nake so ka natsu. In kai Musulmi ka harba ka yi bisimilla lokacin danna kunamar bindiga, harsashi ya huda jiki jini ya fita, ka ci, domin a hadisin Adiyyu bin Hatim abin da ya huda shi ake ci, wanda ya mutu da bugu mushe ne, kuma malaman birnin Fas na Maroko na baya sun yi fatawar halaccin farautar harsashi. In ka sami dabbar da sauran rai sai ka yanka. In Kirista ne ya harba, mashhurin mazhabar Malik ba a ci duk da ana cin yankansu, almajiransa Ashhab da Ibn Wahb da jamhur (mafi yawan malamai) sun halatta, ni dai na fi natsuwa da ka bari. Wanda ba shi da addini kuwa ba a cin farautarsa ko kaɗan, kuma irinsu suna da yawa a can, sai ka tambaya.

Kar wani a gida ya ɗauki wannan ya shiga Yankari da bindiga, mu namun dajinmu ƙarewa suke saboda ƙona daji da farautar ɓarna, abin na ci min rai wallahi, a wurinmu wannan ƙa'idar ta babu cuta babu cutarwa hana harbin take wajabtawa.

Wallahu a'alam.