Wace Taya Za A Sa Wa Babban Rim?

Wai in mutum ya cire rim ɗin kamfani ya kawo manya, wace taya za a sa masa? Kai yaro, kullum kana ɗaga tayoyin nan kana ajiyewa, lambobin da ke jikinsu ka ɗauka ado ne? Ajiye wayar nan ka saurara, don ba zan maimaita ba. Cire taya da ɗaure noti ba zan tsaya a kansu ba, ko mai sayar da rake a bakin garejin nan ya iya.

Ɗauki Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake ce wa Muscle. Mafi yawansu da 215/60R16 suke zuwa. 215 faɗin tayar ne a milimita. 60 tana nufin tsayin gefen roba kashi 60 cikin 100 ne na wannan faɗin, milimita 129 ke nan. 16 kuma girman rim ne a inci. Ka haɗa gefen sama da na ƙasa da rim ɗin, ko wane inci milimita 25.4, za ka samu tsayin ƙafar gaba ɗaya wajen 664. To wannan 664 ɗin ita ce ba a wasa da ita, don a kanta aka yi lissafin mitar gudu da canjin giya da ABS, na'urar da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki. Rim ya ƙaru, dole roba ta ragu. In ka kauce, kada ya wuce kashi 3 cikin 100, kusan milimita 20. A inci 18 ka sa 235/45R18, tsayi 669, gefe 106, mota ta yi kyau kuma akwai sauran nama a jikin tayar. A inci 20 kuwa sai 225/35R20, gefe 79 kacal.

Wannan 79 ɗin ce ta ci min kuɗi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani yaro ne, ɗan masu hali, da ƙyar ya girme ka. Ya shigo da Camry baƙa, kiɗa na tashi kamar gidan biki, ga rim huɗu masu inci 20 a but da kujerar baya, suna ƙyalli. Na duba na ce masa, ƙanena, mayar da waɗannan ka karɓo masu 18. Ya yi dariya ya miƙo min waya, wai in ga yadda ake yi a Dubai. Na ce titin Dubai ka gani, kai kuma hanyar ƙauyenku za ka bi. Ramin da taya mai gefe 129 za ta shanye ta wuce, mai 79 ba ta da inda za ta kai shi, rim ne zai daki bakin ramin ya tsinke zaren da ke cikin robar. Ga batun nauyi: tayar kamfani lambarta 94, kilo 670 ke nan ko wace ƙafa, irin waccan siririyar kuwa yawanci 90 ce, kilo 600. Ku kuma in za ku biki, mutum shida kuke cusawa da kaya.

Sai ya ce to a sa mai kauri, 245/45R20, ya huta da rami. Ka ji hankalin yaran yanzu. Wannan tsayinta ya haura 728, ƙarin milimita 64. Mita za ta nuna 100 alhali yana kusa da 110, motar ta yi nauyin tashi, kuma da ya karya sitiyari ko ya hau tudun rage gudu taya ta goga madigadi. Na ce wannan kam ba a shagona ba.

Muka tsaya a kan 225/35R20. Ba ni da su, don ba kayan da ake nema kullum ba ne, sai da na sa aka turo sababbi fil daga Legas da kuɗina. Ya ba da rabi, ya ce ragowar gobe in babansa ya dawo. Wanda ya kawo shi mutumin arziki ne da muke sallah sahu ɗaya, kunyarsa na ji. Na ɗaura, na yi balansin, na ba su iska daidai, na ja masa kunne kan ya riƙa duba geji, don siririyar taya ko ta rage iska ido ba ya ganewa. Tsofaffin rim ɗinsa ya bar min su a shago ajiya, ko sisi ban caje shi ba.

Gobe ba ta zo ba. Sai bayan sun je ɗaurin aure sun dawo na gan shi, shi da abokai uku da wani kawunsa. Tayoyi biyu na hannun dama sun yi ƙulu a gefe, rim na gaba ya lotsa har iska na fita ta baki. Yana ta ɗaga murya a gaban mutane wai na sayar masa da 'yan Beljiyam da suka gama aiki, na goge su da mai. Ni! Na kama hannun kawun na ɗora yatsansa a kan lambobi huɗun nan na ƙarshen lambar DOT da ke gefen taya, masu nuna lokacin da aka yi ta, na ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, karanta da kanka, ko shekara ba su yi da fitowa daga kamfani ba. Na nuna masa lotsawar rim ɗin daidai saitin ƙulun, tabon kwalta na nan a jiki. Kawun ya gani, ya kuma gane, amma sai cewa ya yi, Malam a yi haƙuri, yaro ne. Manyan layin nan suka taru, su ma haƙurin dai. Ƙarshenta aka ce ragowar kuɗina ta tafi a madadin tayoyin da suka lalace, wai an raba asara. Wace asara aka raba? Shi ya faɗa rami, ni na biya. Abin da ya fi ƙona min rai, a nan take ya ce a mayar masa da rim ɗinsa na 16, kuma yarana ne suka ɗaura, bai ba su ko na ruwa ba.

Tayoyin biyu suna nan bayan kwamfireso. Je ka shafa gefensu ka ji yadda ƙulun yake, don ka san shi da hannu. Irin wannan ba a yi masa faci, duk wanda ya ce maka zai gyara shi neman kashe mutum yake.

Saura ramukan noti, Camry biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, Corolla 'yar Amurka ta wancan zamanin biyar a kan 100, wanda bai san wannan ba ya koma tallan ruwa. In ka ɗaura, kafin mai mota ya tafi ka sauke jak, ka karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka zura hannu tsakanin taya da shokozoba da madigadi. Yatsunka ba su shiga ba, cire. Kuma duk wanda ya zo da inci 20 ya nace, ka turo min shi, kuɗinsa cif a hannu kafin a buga waya Legas.