Kyamarar gayidin ɗina tana kama tauraron da ba tauraro ba, ta lalace ne?

Tambaya:

Salam Malam, barka da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Ina nan Jos wajen Rayfield, ina ɗaukar hoton taurari da daddare, na sayi ZWO ASI120MM Mini a matsayin kyamarar gayidin (wadda ke sa ido akan tauraro don babbar kyamara ta riƙa bin juyawar sama daidai) da ƙaramin madubi mai 30mm, ina amfani da manhajar PHD2. Matsalata itace wasu fararen ɗigo-ɗigo ne suka cika min sikirin ko na rufe bakin madubin suna nan, kuma PHD2 sai ya kama ɗaya yace tauraro ne, layin giraf dake nuna gusawar tauraron ya miƙe sambal ina ta murna amma in na duba hoton babbar kyamara sai inga taurari duk sun ja wutsiya. Wani lokacin ma kalibireshan, wato gwajin da manhajar keyi kafin ta fara gayidin, baya kammaluwa sai yace tauraro bai motsa ba. Dan Allah kyamarar ce ta lalace in mayar, ko ƙurar hunturu ce ta shiga in goge sensa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai dan Allah kar ka taɓa sensar nan da sunan gogewa, ba ƙura bace. Ƙura tare haske takeyi, in ta zauna akan gilashi zaka ganta kamar duhun zobe ko tabo mai dishi-dishi, bata taɓa fitowa fara tas tana ƙyalli. Abinda kake gani shine fiksel mai zafi, kuma kyamararka lafiyarta ƙalau, kusan babu sensar da bata dasu.

Ga yadda abin yake. Sensar ASI120MM tana da fiksel 1280 a kwance 960 a tsaye, wato sama da miliyan 1.2 kenan, kowanne faɗinsa maikiron 3.75. Ka ɗauki kowane fiksel kamar bokiti ne da aka ajiye a tsakar gida yana tarar ruwan sama, ruwan shine hasken tauraro, in lokacin ɗauka ya cika sai a auna abinda kowanne ya tara. Toh akwai wasu bokitan da famfo ke ɗiga a cikinsu ko ba'a ruwa, saboda ɗan lahani a jikin silikon ɗin tun daga masana'anta ko wanda ya samu daga baya, zafi kawai ya isa yasa su tara caji. Shi yasa ko ka rufe madubi suna nan fari ƙal. Kuma suna ƙaruwa kaɗan kaɗan da tsufan kyamara, wannan ba laifin kowa bane.

Abinda yasa suke cutar gayidin fiye da komai shine basa motsi. Sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, aikin PHD2 kuwa shine ya sa ido akan tauraro ɗaya, in ya gusa ko da rabin fiksel ne ya faɗawa maunt, wato injin dake ɗauke da madubin yana juya shi, ya dawo dashi. Toh in ya kama fiksel mai zafi, abin a jikin sensa yake ba a sama ba, har gari ya waye bazai gusa ba, PHD2 yana ganin komai daidai baya tura gyara ko ɗaya, maunt ɗinka kuma yana can yana zamewa son ransa. Wannan miƙaƙƙen layin daka gani shine babbar alamar, domin tauraron gaskiya dole ya ɗan yi rawa saboda iska dake kaɗa haskensa, ko a daren da sama ta kwanta luf. In kaga giraf ya miƙe kamar an ja shi da rula to ka tsargu. Kalibireshan ma haka ne, manhajar tana tura maunt yamma tana jira taga tauraro ya tafi, shi kuma yana nan daram, dole ta haƙura tace bai motsa ba.

Gwajin da zai cire maka shakka baya cin minti ɗaya. Bar kyamara tana ɗauka, ka danna maɓallin maunt ka ɗan tura shi gefe. Duk abinda ya tafi tauraro ne, duk abinda ya tsaya a wajensa fiksel ne. Sannan ka buɗe tagar Star Profile, tauraro zai fito kamar tudu mai gangara ta kowane gefe, fiksel mai zafi kuma tsini ɗaya ne siriri ba kafaɗa. In kuma ɗigon yana tsalle yau nan gobe can daga firem zuwa firem to wannan wani abu ne daban, hayaniyar lantarki ce, ka duba wayar USB ɗinka da inda kake jan wuta musamman in kana kan inbata ko janareta.

Yanzu magani. Tunda su fiksel masu zafi wajensu ɗaya ne kullum, abu ne mai sauƙi ka nunawa manhajar inda suke, kuma PHD2 yana da hanya biyu a ƙarƙashin menu na Darks, amma ɗaya ake kunnawa a lokaci guda ba duka biyun ba.

Ta farko itace Dark Library. Zaka rufe madubi ruf, manhajar ta ɗauki hotunan duhu a kowane tsawon lokaci da kake amfani dashi, misali daga sakan 1 zuwa 4, ta haɗa su ta fitar da matsakaici, daga baya duk firem ɗin da ya shigo sai ta cire wannan duhun daga cikinsa. Ka bata kamar firem 10 zuwa 20 a kowane tsawo, kar kayi rowa anan domin in firem ɗin sunyi kaɗan hayaniyarsu zata shiga cikin hotonka. Kuma maganar rufewa ka kula sosai, wasu murafen roba baƙaƙe ne a ido amma hasken infrared yana ratsa su, sensar nan kuwa tana ganinsa, saboda haka ka naɗa takardar foyil akan murfin ko kayi aikin cikin dare. Mutane da yawa suna yin dak ɗinsu, wato hotunan duhun nan, a falo da rana tsaka sannan suce abin baya aiki.

Anan ne nake so ka tsaya ka fahimta da kyau saboda ya shafe mu 'yan Jos kai tsaye. Kyamarar gayidin bata da na'urar sanyaya kamar manyan kyamarori, zafin da gari yake dashi shi take dashi harda ƙarin nata na aiki. Shi kuma wannan cajin da zafi ke haifarwa yana ninkawa biyu kusan duk ƙarin digiri 6. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, daren Disamba da Janairu kasan yadda sanyi ke shiga ƙashi, kafin Maris da Afrilu kuma gari ya ɗumama. In bambancin dare biyu ya kai digiri 12 to kusan ninki 4 kenan. Dak ɗin da kayi cikin hunturu bazai iya share fiksel ɗin ba a daren bazara, zai rage saura yana leƙowa, wanda kayi da zafi kuma in ka kawo shi daren sanyi zai cire fiye da kima ya bar maka baƙaƙen ramuka. Haka in ka ɗauki kayanka ka sauka Abuja, to dak ɗin Jos bashi da amfani a can. Don haka ka fito da kyamara waje, ka barta tana ɗauka kamar minti 10 zuwa 15 ta daidaita da iskar wajen sannan kayi dak, kuma ka sake sabo duk sanda yanayi ya juya.

Hanya ta biyu itace Bad-pixel Map, kuma gaskiya ga irin kyamararka ni ita nafi so. Ita bata cire komai daga hoton, taswira take zanawa ta inda lalatattun fiksel suke, in firem ya shigo sai ta watsar da abinda suka faɗa ta cike gurbin da na maƙwabtansu. Tunda adireshi ta riƙe ba yawan caji ba, canjin zafi baya dagula ta sosai. Wajen haɗa ta ana ɗaukar dogayen firem na duhu, kamar sakan 15 guda 25, don duk mai ɗigo ya bayyana kansa. Bayan nan akwai sandar da zaka ja ka ƙara ko ka rage tsananin kamun, kar ka kai ta ƙarshe domin zata fara kama fiksel masu lafiya tana ɓata maka siffar tauraro, ka tsaya daidai inda ɗigon suka ɓace. In wani mai taurin kai ya tsira zaka iya danna shi ka ƙara shi cikin taswirar da hannunka. Shawarata ka haɗa taswirar a dare mai ɗumi lokacin da duk suka fito fili, zata riƙe ka har cikin sanyi.

Ko wacce ka zaɓa, in ka canza gen (ƙarfin ƙara hasken hoto) ko binin (haɗa fiksel maƙwabta su zama ɗaya) to ka sake sabuwa, in ka canza kyamara kuma ka buɗe sabon furofayil gaba ɗaya.

Sai saiti ɗaya da mutane basa kula dashi. Danna alamar ƙwaƙwalwar nan dake cikin PHD2, ka shiga Guiding, zaka ga Minimum star HFD, wato mafi ƙanƙantar faɗin da manhajar zata yarda tace wannan tauraro ne. Yana zuwa akan 1.5. Fiksel mai zafi ɗigo ɗaya ne, tauraro kuwa yana bazuwa akan fiksel da dama, saboda haka in ka ɗan ɗaga shi zuwa 2 yawancinsu zasu faɗi. Amma ka duba faɗin taurarinka tukunna, domin irin madubinka mai 30mm yawanci tsawon fokas ɗinsa 120mm ne, da fiksel 3.75 kowane fiksel yana cin kusan sakan-baka 6.4 na sama (sakan-baka ɗan mitsitsin kaso ne na digiri ɗaya), taurari suna fitowa ƙanana sosai, in ka ɗaga lambar da yawa zata kori na gaskiyan ma. Wasu sukan ɗan sassauta fokas kaɗan don tauraro ya yi ƙiba, yana aiki, amma kaɗan ɗin nake nufi, ba har ya zama zobe ba. Ka kunna gayidin da taurari da yawa shima, kuma ka bar manhajar ta zaɓi tauraro da kanta maimakon ka danna da linzami, ido yana son abinda yafi ƙyalli kuma sau da yawa shine fiksel ɗin.

Akwai kuma tacewar 3x3 median a shafin Camera, tana goge ɗigon nan take amma tana cinye raunanan taurari, ni bana kunna ta sai in dare ya ƙure babu lokacin yin dak.

Maganar mayarwa kuma, ɗigo gomomi ko ma ɗaruruwa cikin miliyan 1.2 ba dalilin mayar da kyamara bane, wata sabuwar ma da nata zata zo. Abinda zaisa ka nemi wanda ya sayar maka shine in kaga layi guda daga sama har ƙasa ya mutu ko ya yi fari, ko wani yanki guda ya dunƙule yana haske a firem na sakan 1, ko kuma yawansu yana ninkuwa cikin 'yan makonni a zafi iri ɗaya. In ba haka ba kayi taswirar a daren yau, ka sake kalibireshan daga farko tunda wanda akayi akan fiksel bashi da amfani, ka sa ɗauka akan sakan 2 ko 3, in har yanzu taurari suna jan wutsiya ka turo min fayil ɗin log na PHD2 mu duba ko matsalar ta koma wajen saitin pola ne, wato daidaita maunt da wajen da sama ke juyawa a kansa.